IN KIFI YA ƊAGA KAI SAMA: FATSA DA ƘOTON BOGI A FARKON DAMINA, DA AMFANINTA GA MAI KIWON KIFI



Duk wanda ke zaune tsakanin Boɗinga da Shagari ya san yadda ruwan farko ke canza gari. Ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan an sha zafin nan mai haura digiri 40, hadari ya taso daga gabas, a yi ruwa ɗaya ko biyu. Sai kwaɗi su fara kuka, shinge ya cika gindin fitila. A wannan lokacin in ka tsaya bakin dam ɗin Shagari ko wani tafkin fadama da sassafe, za ka ga fuskar ruwa ba ta zama tsit. Can ɓul, nan facal. Kifi ne ya ɗaga kai sama yana farauta.

Akwai hanyar fatsa da anka gina kan wannan ɗabi'a ta kifi. Maimakon a sa tana a ƙugiya a nutsa ta ƙasa a zauna jira, sai a sassaƙa wani ɗan abu mai kama da kwaɗo ko ɗan kifi, wanda ba ya nutsewa, a riƙa jan sa a saman ruwa har kifi ya kawo masa cafka.

Wani zai ce, to malam, mu da ke maganar kiwo, me ya haɗa mu da fatsa? Abin da ya haɗa mu shi ne ramin ƙasa. Da yawa daga cikin masu farawa a yankinmu ba su da kuɗin gina tankin siminti, sai su nufi kududdufi, ko ramin da anka ɗebi ƙasar titi, ko wani rami na fadama da ba ya ƙafewa. Su zuba 'ya'yan kifi dubu, su yi wata huɗu suna zuba abinci, ranar kamu a tsamo ɗari uku. A fara zargin mai gadi. Sau da yawa ɓarawon yana cikin ruwan tun kafin a zuba, kuma wagga fatsa na daga cikin hanyoyi mafi arha na gano shi da fitar da shi.

1. MENE NE ƘOTON BOGI MAI TASHI SAMA?

Ƙoto shi ne abin da ake sa wa ƙugiya don kifi ya haɗiya: tana, fara, hanjin kaza, ɗan kwaɗo. Ƙoton bogi kuwa ba abinci ba ne. Itace ne ko roba da anka siffanta, anka ɗaura masa ƙugiya. Ba ya ruɓewa, ba ya wari, guda ɗaya zai iya yi maka damina biyu in kifi bai tsinke da shi ba.

Inda abin ya fi shahara shi ne Amurka, wajen kamun wani kifi mai ƙaton baki da suke kira bas. Wani mai kiwon zuma, James Heddon, a garin Dowagiac na jihar Mishigan, yana cikin waɗanda sunka fara sassaƙa irin wanga ƙoto da itace a ƙarshen shekarun 1890, daga baya ya zama kamfani. A ƙasar Finlan kuma, a 1936, wani talakan masunci mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar cakulan mai ƙyalli. Yau sunan Rapala na kan kayan fatsa a duniya baki ɗaya. Na kawo su ne don mu lura da abu ɗaya: duk da wuƙa da guntun itace sunka fara. Ba wani injin da mu ba mu da shi.

Iri uku sunka fi yawa:

Mai kwarmin baki: gabansa an ƙwaƙule shi kamar cokali. In ka fizge shi sai ya ce "ɓul", ya watsa ruwa.

Mai tafiyar karkace: dogo ne kamar yatsa. In kana girgiza sanda sai ya riƙa zuwa dama da hagu kamar ɗan kifin da ya ji ciwo.

Mai siffar kwaɗo: ƙugiyarsa na kallon sama, don haka yana ratsa ciyawa da bado ba tare da ya maƙale ba.

2. ME YA SA FARKON DAMINA?

Su can Amurka sanyi ne matsalarsu. Kifi ba ya kuzari sai ruwa ya yi ɗumi, shi ya sa watannin Mayu da Yuni ne lokacinsu, bayan bas ya gama ƙwai yana jin yunwa. Mu ruwanmu da ɗuminsa kusan duk shekara. Abin da ke tada kifinmu shi ne ruwan sama, kuma dalilan guda huɗu ne.

Na farko, abinci daga sama yake faɗowa. Shinge na tashi da yamma bayan ruwa, fara da gyare na faɗawa ruwa daga ciyawar baki, kwaɗi sun taru suna ƙwai. Kifi ya gane cewa a 'yan makonnin nan tuwonsa sama yake.

Na biyu, ruwa na hawa yana rufe sabuwar ciyawa. Ƙananan kifi su shige ciki su ɓuya, manya su biyo su. Wurin da zurfinsa bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kifin da ke ƙasa yana ganin abin da ke sama.

Na uku, iska. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa. A digiri 20, lita ɗaya na iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. A ƙarshen bazara ƙasan tafki ya cika da ruɓaɓɓen ganye da laka, can ne iska ta fi ƙaranci. Sai kifi ya fi son zama kusa da sama da kuma bakin da sabon ruwa ke shigowa.

Na huɗu, lokacin haihuwa ne. Tarwaɗa na yin ƙwai ne idan ruwa ya fara hawa, da dare, cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Kifin da ke shirin haka yana yawo bakin gaɓa. Wasu kuma, irin su tufi, suna gadin 'ya'yansu, duk abin da ya gifta sai sun kai masa sara ko ba su jin yunwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3. WANE NE BAS ƊINMU?

Babu bas a ruwayenmu, amma muna da masu halinsa, har da waɗanda sunka fi shi.

Tufi: shi ne na ɗaya a wannan aikin. Dogo ne, kansa kamar na maciji, yana iya kai santimita 50. Yana son ruwa mai tsayawa da ciyawa, yana laɓewa cak har abinci ya zo kusa, sai wuf. Yana shaƙar iska a sama, don haka yana rayuwa a ruwan da wasu za su mutu. Shi ne babban abokin gaban mai ramin ƙasa.

Tarwaɗa, wadda wasu ke ce wa kulumi, da ramboshi: idonsu ba shi da ƙarfi, da gashin baki da jin motsi suke farauta. Kusan duk kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko cikin duhu. A Afirka ta Kudu, irin tarwaɗarmu ɗin nan sak, masu fatsa na kiran ta ne ta hanyar bubbuga ƙoto a fuskar ruwa har ta taso. Mai ba kifi abinci a tanki ya san wannan: da ka watsa hannu ɗaya, ƙarar faɗuwar abincin ce ke tara su.

Tsage: mai haƙora kamar ƙusa, ɗan ruwa mai gudu da manyan tafkuna. Saurinsa ya kai inda a 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu sunka wallafa hoton bidiyon ɗan uwansa yana tsalle yana cafke tsuntsu a sama, a dam ɗin Schroda.

Giwan ruwa: shi ya fi kama da bas a siffa, sai dai ya ninka shi. Babban bas da ya kafa tarihi a Amurka a 1932 kilo 10 ne da 'yan kai. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kuwa kilo 78 ne. Manyan giwan ruwa sun fi son zurfi da ruwa mai iska, irin na gulbin Neja a Yawuri da Kainji, amma ƙananansu na tasowa bakin gaɓa da asuba da magariba.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ƙoton bogi. Bargi yana tasowa sama yana juyi har ka yi zaton farauta yake, alhali iska yake sha, abincinsa ƙananan halittun ruwa ne. Karfasa, wato gargaza, ta fi son gansakuka da dusa. Kurungu ɗan ƙasa ne. Kafin ka sassaƙa komai, zauna da masuntan wurin ka tambaye su wane kifi ke cikin ruwan nan, kuma wane lokaci yake motsi. Amsar da za su ba ka cikin minti goma ta fi yawon sati guda.

4. YADDA ZA KA HAƊA NAKA

Kayan da kake buƙata:

Guntun abu mara nauyi: tukurwa busasshiya, itacen rimi, ko tsohuwar silifa mai kauri.
Waya mai ƙarfi wadda ba ta saurin tsatsa.
Ƙugiya mai baki uku, ko guda biyu ka haɗa bayansu ka ɗaure.
Gashin zabo ko na zakara. Masu kaji, kun ga naku kyauta ne.
Takarda mai ƙyalli, ɗan fenti ko jan farce, da gam mai kamawa nan take.
Zaren fatsa na roba mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15.

Yanke itacen tsawon santimita 6 zuwa 8, kaurin babban yatsa. Gaba ya fi kauri, baya ya tsuke. Ƙwaƙule gaban ya yi kwarmi kamar cokalin shayi. Huda shi daga gaba har baya, zura waya, lanƙwasa ta ta yi zobe a kowane gefe. Zoben gaba na zare ne, na baya na ƙugiya. Ɗaura gashi uku ko huɗu a jikin ƙugiyar su rufe ta. Sannan ka sa ɗan nauyi kusa da wutsiya, ko guntun dalma ko 'yar ƙusa, yadda in ka ajiye shi a bokiti wutsiya za ta ɗan nutse, baki na kallon sama. In ya kwanta rigingine ko ya nutse gaba ɗaya, rage nauyi. Shafe shi da fenti don kada itacen ya sha ruwa.

Maganar launi kada ta dame ka. Kifi daga ƙasa yake kallo, cikin ƙoton kawai yake gani. Fari ko mai ƙyalli a ruwa mai haske, baƙi a ruwa mai duhu ko da almuru, domin baƙin abu ya fi fita in anka kalle shi ta fuskar sama. Adon da ka yi a baya, kai kaɗai ke ganin sa.

In ruwan na da tsage, ƙara waya santimita 15 zuwa 20 tsakanin zare da ƙoto. Silin wayar birkin keke ya isa. In babu ita, cizo ɗaya zai tafi da aikinka.

Ba dole sai da sandar kanti mai na'urar naɗe zare ba. Hanya biyu ce. Ko ka samu gora doguwa mai mita 4 zuwa 5, ka ɗaura zare mita ɗaya da rabi a bakinta, ka riƙa bin gaɓa kana wasa da ƙoton a gefen ciyawa. Ko ka naɗe zare mita 30 a jikin gorar ruwa ta roba, ka wurwura ƙoton ka jefa, ka nuna bakin gorar wajen da ka jefa, zaren zai zare da kansa.

5. YAUSHE, KUMA INA?

Lokaci biyu ne: daga an sallame asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Da rana ta take, kifi ya koma ƙasa ko inuwa. Ranar da gari ya yi lumshi kana iya ƙara awa ɗaya ko biyu. Yammacin da shinge ya tashi kuwa, kada ka bari ya wuce ka.

Ruwa ya zama a kwance, ko da ɗan kaɗawar iska kaɗan. In iska na tada igiyar ruwa, kifi ba ya bambance ƙotonka da sauran motsi.

Wuraren nema: gefen burugu da kacala, ramukan da ke tsakanin ganyen bado da kainuwa, gindin busasshen itace da ke cikin ruwa, inuwar bishiyar da ta sunkuyo, da inda ƙorama ke zubowa tafki. Tsakiyar ruwa fili ba komai cikinta sai wahala.

Ga wani abu da ya bambanta mu da Amurka. Ƙasarmu ta Sakkwato jigawa ce mai rairayi da jan ƙasa, ruwan farko kan kwaso ta duka ya zuba a tafki, ruwa ya koma kamar kunu. A irin wannan ruwan ido ba ya aiki, sai ƙara. Yi amfani da mai kwarmin baki, baƙi, ka rage sauri. In ya yi kauri sosai, ba shi kwana biyu zuwa uku ya kwanta. Shi ya sa damar ba ta da tsawo: daga ruwan farko zuwa tsakiyar Yuli. Da Agusta ta shigo, ruwa ya malale ko'ina, kifi ya watsu cikin ciyawa, samun sa sai an sha wuya.

Kuma ka tafi a hankali. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka riƙa buga ƙafa a gaɓa, ka bar farar riga a gida.

6. YADDA AKE JAN SA

Nan ne akasarin masu farawa ke faɗuwa, kuma duk gaggawa ce.

Jefa ƙoton ya wuce inda kake zaton kifin yake da kamar mita ɗaya ko biyu. Kada ka jefa a kansa, zai firgita.

Da ya faɗi, kada ka taɓa shi. Jira har da'irar ruwan ta lafa. Ƙwaron da ya faɗo ruwa ma sai ya yi shiru kafin ya fara mutsu-mutsu.

Fizga kaɗan ya ce "ɓul". Tsaya, ƙirga ɗaya zuwa biyar. Sake fizga sau biyu. Sake tsayawa. Yawancin cafka a lokacin tsayawar nan take zuwa.

In kifi ya kawo sara, ruwa ya fashe, hannunka zai so ya fizge nan take. Kada ka yarda. Sau da yawa kifin bai riga ya rufe baki ba, za ka zare masa ƙoton ne kawai. Jira sai ka ji nauyinsa a zare, sannan ka ja da ƙarfi sau ɗaya.

In ya kuskure, bar ƙoton a wurin, ɗan girgiza shi. Yakan dawo. In bai dawo ba, jefa masa fara mai rai ko ɗan kwaɗo a ƙugiya ba tare da dalma ba. Tarwaɗa musamman ta fi amsa wannan, don tana son ta ji ƙamshi.

Da ka kama, ɗaga sanda sama ka janye shi daga ciyawa da wuri. In ya shige cikin kacala, sai dai ka yi haƙuri. Mai jefawa da gorar roba ya sa safar hannu ko ya naɗa tsumma, zaren roba na yanka yatsa.

Kada ka daɗe a wuri ɗaya. Jifa biyar zuwa goma ba motsi, matsa gaba.

7. INDA ABIN YA TAƁA ALJIHUN MAI KIWO

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce raminka na da tufi biyar, kowanne na cin ɗan kifi biyu a rana. Goma ke nan kullum. Cikin kwana 60, kafin 'ya'yan su yi girman da sun fi ƙarfin bakinsa, 600 sun tafi. Ninka da kuɗin da ka sayi kowane ɗa, ka ƙara kuɗin abincin da ka riƙa aunawa da lissafin kifi dubu alhali saura ɗari huɗu. Abincin da ba a ci ba kuma ya ruɓe ya ɓata maka ruwa. Asara uku a wuri ɗaya.

Hanyar da ta fi kowace ita ce a zuƙe ruwan ramin, a bar rana ta gasa laka har ta tsage, a watsa laim, a sa raga mai ƙananan ido a mashigar ruwa. Wanda zai iya wannan, ya yi shi. Amma ramin da ke da idon ruwa, ko kududdufin da ya fi ƙarfin injinka, ba ya zuƙuwa. Nan ne ƙoton bogi ke shigowa:

Gwaji. Sati biyu kafin ka ɗauko 'ya'ya, riƙa zagaya ramin safe da yamma. Ko ba ka kama ba, sara ɗaya ya isa shaida cewa akwai mafarauci a ciki.

Ragewa. Taru na wucewa ta kan tufi da tarwaɗa don suna nutsewa cikin laka ko su shige ciyawa. Ƙoton sama kuwa har maɓoyarsu yake zuwa, kuma masu cin 'ya'yan kifi kawai yake zaɓa. Haɗa shi da jan taru da 'yan ƙugiyoyin kwana masu ƙoto na gaske. Ba zai share ramin tas ba, amma kowane ɗaya da ka fitar, ka ceci 'ya'ya da yawa.

Yanke shawara. In bayan sati biyu har yanzu ana kawo sara, kada ka zuba ƙanana. Ko ka raine su a tamfol ko cikin kejin raga har su kai tsawon tafin hannu, ko ka sayi manya tun farko. Tsadarsu ba ta kai asarar ɗari shida ba.

Abin da ka kama kuma nama ne. A ci a gida, ko a banda a sayar. Kifin gulbi na da masoyansa a kasuwa.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka sa ƙugiya a tankin da kake kiwo don cire waɗanda sunka fi sauran girma. Ciwon baki ƙofar cuta ne, kuma sauran na iya ƙin abinci. Wannan aikin raga ne da tantancewa duk sati biyu lokacin da suke ƙanana. Sannan kada ka ɗauko kifin da ka kama a dam ka jefa cikin naka wai ya girma. Yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta, kuma in mafarauci ne ka sa kura gadin awaki. A shekarun 1950 anka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, daga baya nau'o'in ƙananan kifi masu yawa sunka ɓace daga tafkin. Tafkin da ƙasa uku ke rabawa ke nan, balle raminka.

Wata riba kuma: rataya fitilar sola a saman ramin a daren da shinge ya tashi. Zai faɗa ruwa, kifi ya ci kyauta, yana da furotin da mai. Wanda ka tara a kwano, kaji da 'yan zabi na jira.

8. BA KOWANE TASHI SAMA NE YUNWA BA

Wanda ya koyi karanta fuskar ruwa don fatsa, ya koyi rabin kiwo. Tashi iri uku ne.

Farauta: ruwa ya fashe da ƙarfi, ƙananan kifi su watse, a yi shiru.

Shan iska na al'ada: tarwaɗa ta taso, ta haɗiyi iska, ta juya ta koma. Tana da wata gaɓa a bayan kai mai kama da reshen itace da take numfashi da ita. Wannan ba matsala.

Neman agaji: kifi da yawa sun tsaya sama da asuba, baki na buɗewa yana rufewa, ko tarwaɗa ta rataye a tsaye gashin baki a waje, ba ta gudu in ka matso. Wannan ruwa ne ya ɓaci. Da dare gansakuka ba ta samar da iska, sha take yi, shi ya sa asuba ce lokaci mafi haɗari, musamman bayan kwana biyu na lumshi ko bayan ruwan sama ya dama laka. In ka ga haka, dakatar da abinci, canza ruwa ko ka watsa shi da inji. Karfasa ta fi saurin mutuwa don ba ta da gaɓar shan iska irin ta tarwaɗa.

9. IYAKA DA KIYAYEWA

Ruwa na da masu shi. Dam ɗin Shagari na hukuma ne, kuma kowane ruwa na da Sarkin Ruwa da masuntan da ke cin abinci a cikinsa tun kaka da kakanni. Yi sallama, nemi izini, tambayi inda anka hana, kuma ka kauce wa inda sunka kafa kalli da gura da mamari.

Mun ce lokacin haihuwa ne. A raminka, cire duk mafaraucin da ka samu. A ruwan jama'a kuwa, tarwaɗar da cikinta ya cika da ƙwai, ko kifin da ka ga yana gadin 'ya'ya, ka sake shi. Ita ce kifin baɗi. Matse 'yar ƙayar ƙugiyarka da filaya don sakin ya yi sauƙi.

Gamalin da duk wata guba, da abin fashewa, da lantarki, dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su. Ko a raminka kada ka kuskura, ruwan nan shi dabbobi ke sha, kifin kuma mutane za su ci.

Tsaya a gaɓa. Yawan shiga ruwa mai tsayawa na kawo tsargiya. In dole ne, sa takalmin roba dogo. Da ka ji cida ko ka ga walƙiya, ajiye gora ka bar bakin ruwa. Kula da maciji a sabuwar ciyawa, da ƙayar tarwaɗa wajen cire ƙugiya, da minjirya in ta biyo taru.

Maganar kwalekwale ba sai an tuna wa mutanen Shagari ba. A Afrilun 2022 mun rasa mutum 29 a hatsarin Gidan Magana, a Mayun 2023 kuma yara 15 a Dandeji. Allah Ya jiƙan su. Wagga fatsa ta bakin gaɓa ce, ba ta buƙatar jirgi. Wanda ya shiga, ya sa rigar ruwa, kuma kada a tura yara su kaɗai.

Aikin wannan satin: wanda ke da ramin da yake niyyar zubawa bana, daga Sifawa da Danchadi har Kajiji da Dandin Mahe, ya sassaƙa ƙoto biyu, fari da baƙi, ya gwada su a bokiti, ya zagaya raminsa kwana bakwai kafin ya biya kuɗin 'ya'ya. Ku turo hoton abin da kunka sassaƙa da abin da ya fito a sashen sharhi, ku faɗi garinku da sunan da kuke kiran kifin da shi, don sunayen na bambanta daga gari zuwa gari. Mai tambaya ya ajiye ta nan ƙasa, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana jarinmu.